Tambaya da Amsa: Me ya sa hasken tauraro ba ya zama wuri ɗaya?

Wasiƙun da suka taru a wannan karon yawancinsu a kan taurari suke, musamman rawar da haskensu ke yi. Mun zaɓi shida, mun ɗan rage tsawon wasu.

Daga wani magidanci a Katsina: *Assalamu alaikum. Da hunturu bayan sallar isha'i akwai wani babban tauraro ta kudu maso gabas da ke ƙifce-ƙifce, wani lokaci ja, wani lokaci shuɗi ko kore. Yara sun ce wutarsa ce ta kusa mutuwa. Amma Zara ba ta yin haka. Mene ne gaskiya?*

Wa alaikumus salam, Malam. Tauraron nan shi ne Shi'ira, wanda sunansa ya zo a cikin Suratun Najmi, Turawa kuma na ce masa Sirius. Duk cikin taurarin dare, in aka cire duniyoyi irin su Zara, babu wanda ya kai shi haske, kuma lafiyarsa ƙalau. Haskensa yakan yi tafiyar shekara 8 da wata 7 ba tare da wani abu ya dame shi ba, sai a 'yan kilomitocin ƙarshe, cikin iskar da ke saman kanmu, yake gamuwa da matsala.

Ka cika baho da ruwa ka ajiye shi a rana, ka ɗan taɓa bakinsa. Za ka ga zare-zaren haske da inuwa na yawo a gindin bahon. Ranar ba ta canza ba, ruwan ne ke lanƙwasa haskenta, ya tara shi nan, ya janye shi daga can. Haka iska take yi. Cike take da dunƙule-dunƙulen ɗumi da sanyi a cakuɗe, kowanne yana karkatar da haske kaɗan, sai hasken tauraro ya iso ƙasa faci-faci, faɗin kowane faci 'yan santimitoci. Iska tana kora su, suna ratsa ƙwayar idonka wadda buɗinta bai wuce milimita 7 ba, sau gomomi ko ɗaruruwa a sakan ɗaya. Idan facin haske ya faɗo maka sai ka ga tauraro ya walƙa, idan na inuwa ne sai ka ga ya dushe. Launukan kuma saboda iska ba ta lanƙwasa ja da shuɗi daidai wa daida, don haka kowane launi da hanyar da yake biyowa. Abin ya fi tsanani idan tauraron na ƙasa-ƙasa, domin haskensa na ratsa iska mai yawa. Ka jira Shi'ira ya hau sama, a Katsina yana kaiwa wajen digiri 60 daga ƙasa, za ka ga ya natsu sosai.

Zara da Mushtari (Jupiter) kuwa duniyoyi ne masu kewaya rana, faifai ne su a sararin sama, ko da yake ido ba ya rabewa. Idan aka raba digiri ɗaya gida 3,600, faɗin Mushtari yana cin gida 30 zuwa 50, na Shi'ira kuwa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na gida guda ba. Kowane gefe na faifan yana nasa ƙifce-ƙifcen daban, wani na hawa wani na sauka, sai su cinye juna. Hazon hunturu na rage hasken taurari, har ya ɓoye ƙananan, amma ƙifcen aikin ɗumi da sanyi ne, ba na ƙura ba.

Daga wata ɗaliba a Damagaram: *To idan aka fita daga cikin iskar duniya, hasken tauraro a tsaye yake cak?*

A'a, 'yar'uwa. Yana rawa, sai dai ƙanƙanuwa ce kuma a hankali, ido ba zai taɓa kama ta ba. Mu ɗauki rana, tunda ita ce tauraron da muke iya ganin fuskarsa.

Hasken da ke iso mana yana fitowa ne daga wata siririyar fata ta gas mai kaurin kilomita 'yan ɗaruruwa, zafinta wajen digiri 5,500 a ma'aunin Salsiyos. Ƙarƙashinta tafasa ake yi ba dare ba rana. Ki tuna talge a tukunya: ya kumburo a tsakiya, ya baje, ya koma ƙasa ta gefe. Gas mai zafi yana tasowa da gudun kilomita 1 zuwa 2 a sakan, ya zubar da zafinsa ya zama haske, ya huce, ya nutse ta cikin siraran kwaruruka masu duhu-duhu. Kowane gudajin tafasa faɗinsa kamar kilomita 1,000, wato kusan nisan Kano zuwa Legas, kuma ba ya wuce minti 10 ko 20 sai ya watse wani ya maye gurbinsa. Madubin hangen rana na Inouye da ke Hawayi, mai faɗin mita 4, ya fitar da hotunansu a Janairun 2020, inda ake iya rabe abu mai girman kilomita 30.

Ba wanda zai ce ga gudajin da zai fashe nan da minti ɗaya. Amma da yake miliyoyi ne a lokaci guda, hawan wannan na cike saukar wancan, abin da ke saura a jimlar hasken rana 'yan gomomi ne cikin miliyan.

Tafasar tana kuma sa ranar kaɗawa kamar ganga. Ba makaɗi ɗaya ke dukanta ba, ya fi kama da ruwan sama a kan rufin kwano: duka barkatai ta ko'ina, amma kwanon da muryarsa yake amsawa. Muryar rana tana dawowa kusan duk minti 5. Robert Leighton da abokan aikinsa ne suka gano haka a dutsen Wilson na Amurka a farkon shekarun 1960. Sai kuma baƙaƙen tabo, wuraren da maganaɗisu ya danne tafasa har zafinsu ya sauka zuwa wajen digiri 3,500. Manyan tabon da suka ratsa fuskar rana a Oktoban 2003 sun rage haskenta da kusan kashi 0.3 cikin 100 na 'yan kwanaki. A zagayen shekara 11 kuwa, ƙarfinta na wat 1,361 a kan kowace murabba'in mita yana hawa da sauka da kashi 0.1 cikin 100 kacal.

Inda abin ke fitowa fili shi ne manyan jajayen taurari. Betelgeuse, jan tauraron nan na rukunin Jauza'u, ya ninka rana faɗi sau ɗaruruwa, kuma tun 1975 Martin Schwarzschild ya lissafa cewa irinsa gudajinsu kaɗan ne amma ƙatta. Idan kaɗan ne ba sa cinye juna sosai. Daga ƙarshen 2019 zuwa Fabrairun 2020 haskensa ya faɗi zuwa kusan kashi ɗaya cikin uku, kowa ya gani da idonsa. Binciken da ya biyo baya ya nuna wani yanki na fuskarsa ne ya huce, gas ɗin da ya fesar kuma ya daskare ya zama ƙura ta tare shi. Da watan Afrilu ya zo ya farfaɗo.

Daga wani malamin kimiyya a Zariya: *Littafi yana cewa akwai baƙaƙen layuka a cikin bakan hasken rana, wato jerin launukan da haskenta ke rabuwa zuwa gare su kamar bakan gizo. Makarantarmu ba ta da na'ura. Akwai dabarar da zan nuna wa ɗalibai? Kuma me ke sa layukan su yi kauri?*

Akwai, Malam, kuma kayan ba su da tsada: kwali mai tsawon santimita 20 zuwa 25, reza sabuwa guda biyu, tsohon faifan DVD, baƙin salatif da almakashi. CD ma yana yi, amma layukan jikinsa wajen 625 ne a milimita, na DVD kuwa wajen 1,350, don haka DVD ya fi baza launi.

A huda ƙaramar taga a ƙarshen kwalin, a manna rezoji biyun kaifi na fuskantar kaifi, a bar tsaga mai faɗin kamar milimita 0.2. Hanya mai sauƙi ita ce a sa takarda ninki biyu a tsakaninsu, a manne, sannan a zare takardar. A yanko ɗan siririn yanki daga bakin faifan na waje, inda layukansa suka fi miƙewa, a jingine shi a ɗaya ƙarshen a karkace, a huda ramin leƙe a samansa. A fara da kusurwar digiri 45, a riƙa karkatawa har launuka su shigo ido, sannan a manne. Dole layukan faifan su bi tsawon tsagar. Idan suka gicciye ta ba za a ga komai ba sai dishi-dishi. A toshe duk wata kafa da salatif.

Kada a nufi rana kai tsaye da shi, ko da wasa. Farin bango da rana ke duka ko farin gajimare ya isa. Kafin nan a gwada da doguwar fitilar nan mai farin bututu, za a ga layin kore mai kaifi a nanomita 546 (ma'aunin tsawon igiyar haske, kowane launi da nasa) da shuɗi a 436, na sinadarin makuri ne. Idan waɗannan suka fito a dagule, tsagar ta yi faɗi, kuma layukan rana ba za su fito ba. Wani kuskure da ɗalibai ke yawan yi: su ga baƙin zare ya ratsa tun daga ja har shuɗi su ce sun ga layi. Wannan ƙura ce a kan tsaga. Layin gaskiya yana tsaye ne a launi ɗaya, yana bin tsawon tsagar. Mafi sauƙin gani shi ne na sodiyam a cikin ruwan ɗorawa, wajen nanomita 589. A barbaɗa gishiri a harshen wutar risho a leƙa, za a ga layi mai haske a daidai wurin.

Joseph Fraunhofer na Jamus ya zana fiye da 570 daga cikinsu tun daga 1814, Kirchhoff da Bunsen kuma suka fassara su wajen 1859: kowane sinadari a fatar rana yana tsinke nasa launukan daga hasken da ke ratsa shi.

Kaurinsu kuwa motsi ne. Abin da ke tahowa wajenka haskensa na gusawa zuwa shuɗi, mai tafiya kuma zuwa ja. Gudun kilomita 1 a sakan yana gusar da layin nanomita 600 da 0.002. A zafin rana ƙwayoyin zarra na ƙarfe suna kai-kawo da gudun wajen kilomita 1.3 a sakan, na haidirojin kusan 10, kowace ta nufi inda ta ga dama. Ga karo da juna da suke yi, ga tafasa, ga juyawar tauraron kansa. Layin da muke gani tarin dubban miliyoyin ƙananan layuka ne da ba su sauka wuri ɗaya ba. Kuma ba shi da daidaito: gas mai tasowa ya fi zafi da haske, ya kuma fi mamaye fili, don haka muryarsa ta fi ta mai nutsewa, sai layin ya ɗan jirkice zuwa shuɗi da mita 'yan ɗaruruwa a sakan. Kwalinku ba zai nuna wannan ba, amma shi ne tushen tambaya ta gaba.

Daga wani ɗalibin jami'a a Sakkwato: *An ce da layukan nan ake gano duniyoyin da ke kewaya wasu taurari. Me ya hana a samo irin tamu da wannan hanya?*

Ɗan'uwa, tauraron ne da kansa ke hana ruwa gudu. Duniya mai kewaya tauraro tana ɗan jijjiga shi, layukansa su riƙa gusawa ja, shuɗi, ja, shuɗi. Da haka Michel Mayor da Didier Queloz suka gano wadda ke kewaya tauraron 51 Pegasi a 1995 daga kudancin Faransa, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2019. Jijjigar can ta haura mita 50 a sakan. Mushtari yana jan rana da mita 12.5 a sakan, gudun babur a cikin gari. Duniyarmu kuwa santimita 9 a sakan, tafiyar kunkuru, kuma sai shekara guda take kammala zagaye.

Ta fuskar na'ura an yi nisa. Na'urar auna layuka mai suna HARPS da ke La Silla a Chile, wadda ta fara aiki a 2003, tana auna mita 1 a sakan, wato gusawar da ba ta wuce kashi ɗaya cikin dubu na ɗigon kyamara ba. Don haka aka kulle ta a tukunyar da aka zuƙe wa iska, ana riƙe zafinta kada ya motsa da fiye da digiri 0.01. Wata irinta mai suna ESPRESSO da ke Paranal, ita ma a Chile, an gina ta ne da nufin santimita 10.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Kaɗawar minti 5 tana motsa layuka da gomomin santimita zuwa mita guda. Wannan mai sauƙi ce, a bar kyamara a buɗe minti 10 zuwa 15 sai ta cinye kanta. Gudajin tafasa sun fi taurin kai, ana rage su ta hanyar duba tauraro sau biyu ko uku a dare, da tazarar sa'o'i. Akwai kuma manyan gudaji masu faɗin kilomita 30,000 da ke kwana ɗaya ko biyu, su ba a gama da su a dare guda. Mafi muni su ne tabo da wuraren maganaɗisu. Rana na juyawa da kilomita 2 a sakan a tsakiyarta, gefe ɗaya na tahowa, ɗaya na tafiya. Tabo ya rufe wani yanki na gefen da ke tahowa, sai layi ya karkata zuwa ja. Bayan mako guda ya koma ɗaya gefen, sai shuɗi. Inda maganaɗisu ya danne tafasa kuma, jirkicewar nan zuwa shuɗi tana raguwa. Duka suna ba da mitoci a sakan, kuma suna maimaituwa da juyawar tauraron, sak kamar duniya.

Ana rabe su ta hanya uku. Duniya tana gusar da layi gaba ɗayansa, tabo kuwa siffarsa yake lanƙwasawa. Duniya tana ba da gudu ɗaya a kowane launi, tabo kuwa ƙarfinsa na raguwa a ɓangaren ja. Sannan ana lura da layukan kalsiyam biyu na nanomita 393 da 397, waɗanda tsakiyarsu ke cikowa da haske idan maganaɗisu ya yi ƙarfi. Duk da haka ana yin tuntuɓe. A 2012 an sanar da duniya mai nauyin tamu kusa da tauraron Alpha Centauri B, da jijjigar santimita 51 a sakan. A 2015 aka nuna cewa tsarin lokutan da aka yi awon, haɗe da ragowar hayaniyar tauraron, su suka haifar da ita.

Daga wani mai ɗaukar hoto a Jos: *Ina da madubin hangen nesa mai faɗin santimita 20 da kyamara. Na ɗauki tauraro ɗaya sau 50, na auna haskensa a kwamfuta, lambobin suna tsalle da kashi 1 zuwa 2 cikin 100. Tauraron ne ke canzawa?*

Kada ka yi saurin ɗora masa laifi, Malam. Akwai masu laifi uku a gabansa.

Na farko ƙirga ne. Haske ƙwaya-ƙwaya yake zuwa, kamar yayyafi. Jera kwanuka iri ɗaya a tsakar gida na sakan 10, ba za su tari ɗigo daidai ba. Ka'idar ita ce, tsallen ya yi daidai da lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba ka adadin da ka ƙirga. Ƙwaya 100, tsalle 10, kashi 10 cikin 100 ke nan. Ƙwaya 10,000, tsalle 100, kashi 1. Miliyan ɗaya, kashi 0.1. Babu kyamarar da za ta tsallake wannan komai tsadarta. Ka lura kuma lambar da kwamfuta ke nuna maka ba ita ce adadin ƙwayoyin ba, ta danganta da ISO ɗin da ka sa, wato saitin ƙarfin jin haske na kyamara.

Na biyu ƙifcen iska. Da madubinka, tauraro a tsakiyar sama, buɗin sakan 10 yana barin wajen kashi 0.3 cikin 100, buɗin minti ɗaya wajen 0.1. Idan tauraron ya sauko zuwa digiri 30 daga ƙasa, ninka da uku ko fiye. Idan buɗinka sakan ɗaya ne ko ƙasa da haka, to ka riga ka sami amsar tambayarka.

Na uku kyamarar. Ka ɗauka da tsarin RAW, wato ɗanyen hoto, domin tsarin JPEG na murɗe lambobi. Ka ɗan kauce wa fokas har tauraron ya bazu a kan ɗigo 10 zuwa 20, saboda ɗigogin kyamara ba ƙarfinsu ɗaya ba, kuma kowanne na da iyakar abin da yake ɗauka. Ka tsayar da mafi haskensu wajen rabin iyakar, domin ɗigon da ya cika ya daina ƙirga. Ka rufe bakin madubi ka ɗauki hoton duhu 15 ko 20 da buɗi ɗaya da zafi ɗaya, a cire su daga hotunan. Ka kuma ɗauki hoton sararin magariba ko farin ƙyalle mai haske bai ɗaya, a raba da shi, don share inuwar ƙura da duhun gefe. Da hunturu a daren ake yin wannan, kafin a taɓa kyamara, domin ƙurar jiya ba ita ce ta yau ba.

Sannan kada ka auna tauraro shi kaɗai. Zaɓi biyu a cikin hoton masu kusan haskensa da launinsa, ka raba haskensa da na ɗaya, ka raba na ɗayan da na biyun. Hazo ko siririn gajimare zai rage su tare, rabon ba zai motsa ba. Launi na da muhimmanci, domin iska ta fi cin shuɗi, don haka shuɗin tauraro ya fi ja saurin dushewa idan suna gangarawa.

Gwajin ƙarshe: haɗa hotuna huɗu-huɗu ka ɗauki matsakaici. Idan tsallen na sa'a ne zai ragu da rabi, sha shida-sha shida kuma zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Idan ya ƙi raguwa a tauraronka alhali ya ragu a sauran biyun, kuma abin ya maimaitu a dare na biyu da na uku, to tauraron ne. Tafasar irin ta rana dai ba za ka gan ta daga ƙasa ba. Kumbon Kepler da aka harba a 2009 sai da ya fita sama kafin ya nemi ragin kashi 84 cikin miliyan, wanda duniya irin tamu ke yi idan ta gitta ta gaban tauraro, kuma a can ma ya tarar taurarin sun fi yadda aka zata hayaniya.

Daga wata malama a Kumasi: *Wannan rawar hasken, ɓarna ce kawai ko tana da wani amfani?*

Tana da shi, Malama. Daga muryar kaɗawar tauraro ake lissafa girmansa da nauyinsa da shekarunsa, kamar yadda kunne ke rabe kalangu da tambari. A 2013 kuma an nuna daga bayanan Kepler cewa ƙarfin rawar da ke faruwa cikin ƙasa da sa'a 8 yana bin ƙarfin da nauyin tauraro ke fizgo abubuwa da shi a fuskarsa: wanda ya tsufa ya kumbura gudajinsa manya ne, rawarsa ta fi yawa.

Akwai ma wata rawa da ba ta tafasa ba ce, ba ta iska ba. Hasken abu mai zafi tarin igiyoyi ne daga ƙwayoyin zarra marasa adadi, suna haɗuwa suna rabuwa, ƙarfinsa na hawa da sauka sau miliyoyi a sakan. Robert Hanbury Brown da Richard Twiss sun lura cewa na'urori biyu da ke kusa da juna za su ga wannan hawa da saukar tare, idan aka nisanta su kuma tarayyar ta ɓace, kuma nisan da take ɓacewa ya dogara da faɗin tauraron: ƙaramin faifai, dogon nisa. A 1956, a Jodrell Bank ta Ingila, suka ɗauki madubai biyu na tsofaffin fitilun sojoji, suka nufi Shi'ira da su, suna ƙara tazara har wajen mita 9, suka fitar da faɗinsa. Ƙifcen iska bai dame su ba, domin a wajen wannan saurin iskar kamar a tsaye take. Daga baya aka gina babbar irinta a Narrabri ta Ostireliya, madubai biyu masu faɗin mita 6.5 a kan layin dogo mai da'ira, faɗinsa mita 188, aka auna taurari 32 da ita.